Matokarin ƙyallen goshi: sandar da ke riƙe wa jirgin ruwa iska

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, daidai lokacin da hunturu ke fara busar da leɓɓa a Kano da Damagaram, jiragen ruwa masu tafiya da iska fiye da ɗari ne ke tashi daga Las Palmas, a tsibiran Kanari, su nufi Sent Lusiya a yankin Karibiyan. Wannan ita ce tafiyar ARC, wadda Jimmy Cornell ya assasa a 1986. Nisan ya kai wajen mil 2,700 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne, kuma matsakaicin jirgi yakan yi kusan mako uku bai ga tudu ba. Iskar da ke kai su ba baƙuwarmu ba ce. Iskar arewa maso gabas ce, dangin wadda ke kwaso mana ƙurar Sahara, ita ce ke zarcewa kan Tekun Atlantika tana tura su yamma.

Wanda bai san harkar ba zai ce ai tunda iskar daga baya take, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba haka ba ne. Tafiya da iska a ƙeya tana da nata ciwon kai, kuma shi ya sa idan ka bi jiragen nan da kallo kafin su tashi, za ka ga da yawansu ɗauke da wata doguwar sanda ta alminiyam, ko dai a kwance a doron jirgi ko a tsaye jikin ginshiƙi. Ita ce matokarin ƙyallen goshi.

Sai mu fara da fasalin jirgin. Yawancin irin waɗannan jirage ginshiƙi ɗaya gare su da ƙyalle biyu. Babban ƙyalle yana bayan ginshiƙi, kuma gindinsa a ɗaure yake da wata sanda mai nauyi da ke iya juyawa dama ko hagu. Ƙyallen goshi yana gaba, mai kusurwa uku ne, gefensa ɗaya a maƙale da wayar da ta sauko daga ƙololuwar ginshiƙi zuwa goshin jirgi. Kusurwa biyu a kafe suke, ta sama da ta ƙasa. Ta ukun, wadda za mu kira kunnen ƙyalle, ba ta da madogara sai igiyoyi biyu, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu zuwa winci, na'urar jan igiya, a mazaunin matuƙi. Idan ƙyallen ya yi girma har ya wuce ginshiƙi ta baya, janowa ake kiransa.

Muddin iska ta gefe take zuwa, igiya kaɗai ta wadatar. Da zarar an juya mata baya sai abu biyu su taru. Na farko, iskar da ƙyalle ke ji tana raguwa, domin jirgin yana gudu ne tare da ita. A ce tana busawa mil 15 a awa, jirgin kuma yana yin 6, to abin da ya rage a kan ƙyalle 9 ne kawai. Ƙarfin turin kuwa ba ya bin gudun iska ɗaya bayan ɗaya, yana bin gudun ne idan an ninka shi da kansa, saboda haka 9 ba ta ba da ko kashi 40 cikin ɗari na abin da 15 ke bayarwa. Na biyu, babban ƙyalle yana tare wa na goshi iska, tunda gefe ɗaya suke. Sai na goshi ya saki jiki ya yi laushi, igiyar ruwa ta karkata jirgin ya ɗan samu iska, ya cika da wani irin ƙara, fam, ya sake zubewa. Haka zai yi ta yi dare da rana. Kowace cikar nan tana cin ɗinki, tana girgiza waya da ginshiƙi, tana kuma hana wanda ya sauka daga gadi barci.

Mafita uku ce. Ana iya barin miƙaƙƙiyar hanya a riƙa tafiya a karkace, yau dama gobe hagu, don iska ta shiga ta kusurwa, sai dai hanya ta ƙara tsawo. Ana iya ɗaga sifinika, ƙaton ƙyallen nan mara nauyi mai launi-launi, amma yana son hannuwa da yawa da ido a buɗe, miji da mata su biyu a tsakiyar teku ba kasafai suke kwana da shi a sama ba. Ko kuma a kai ƙyallen goshi ɗaya gefen, inda babban ƙyalle ba ya tare shi, kowa ya buɗe nasa ɓangaren. Matsalar dai ita ce babu abin da zai riƙe kunnensa a can waje, igiyar tana janyo shi ne ciki da baya. Aikin matokari ke nan: gindinsa a jikin ginshiƙi, kansa a kunnen ƙyalle, ya tura shi waje ya hana shi dawowa.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, ni kuwa a ganina ta fi ƙarin gudu muhimmanci. Ana iya buɗe ƙyalle biyu dama da hagu ko babu sanda, amma sai matuƙi ya saita iska a tsakiyar ƙeya cif, ko ma ya ɗan karkata ta wajen da babban ƙyalle yake. Nan kuwa bakin rami ne. Iska na zagayawa ta bayan babban ƙyalle, sandar gindinsa za ta taso da gudu ta share mazaunin matuƙi zuwa ɗaya gefen, kuma ta sha fasa kawuna da jefa mutane cikin ruwa. Idan akwai matokari, matuƙi na iya barin iska ta riƙa zuwa ta ɓangaren da sandar take, digiri 20 ko 30 daga tsakiya, ƙyallen goshi bai zube ba, babban ƙyalle kuma yana cikin aminci. Hanyar tuƙi ta faɗaɗa, ko na'urar tuƙi mai sarrafa kanta za ta iya riƙewa. Duk da haka ba a tafiya sai an ɗaure sandar babban ƙyalle da igiya daga ƙarshenta zuwa goshin jirgi, a dawo da igiyar mazaunin matuƙi inda za a iya sakinta da sauri.

Tsawon sanda fa? Abin da masu ƙera ta ke shawarta shi ne ya yi daidai da faɗin gindin ƙyallen da za ta tokare. A nan ta bambanta da sandar sifinika, wadda galibi tsawonta daidai yake da tazarar ginshiƙi zuwa goshin jirgi, kuma guda ɗaya ce mai kauri. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 10 ko 11. Tazarar nan za ta kai kamar mita 4, amma gindin babban janowa zai iya kaiwa mita 5 da rabi ko 6. Sanda mai tsawon mita 6 ba ta da wurin kwanciya a doron irin wannan jirgi, shi ya sa kamfanoni irin su Forespar na Amurka da Seldén na Suwidin ke yin mai zugewa, bututu cikin bututu. Wata murɗa ta ake yi ta kulle, wata maɓalli ne ke faɗawa rami, manyan kuwa igiya ce a ciki, kana tsaye a gindin ginshiƙi ka ja ta, bututun ciki ya fita.

To a nan gizo ke saƙa. Matokari ba ja yake sha ba, danna yake sha: ƙyalle na turo shi ciki, ginshiƙi ya ƙi matsawa. Duk abu siriri mai tsawo da aka danna ta kai da gindi ba murƙushewa yake yi ba, lanƙwashewa yake ta tsakiya. Ka ɗauki karan dawa mai tsawon taƙi ka matse shi tsakanin tafin hannuwanka, sai dai hannunka ya yi ciwo. Ka kafa cikakken kara a ƙasa ka danna kansa, tun ba ka sa ƙarfi ba ya gantsare ya karye. Masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744: idan tsawo ya ninka biyu, nauyin da sanda za ta iya ɗauka ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Sandar da take mita 3 da rabi a tsuke, aka zuge ta zuwa mita 6, ƙarfinta ya dawo wajen sulusi, tun ma ba a lissafa cewa bututun ciki ya fi siriri ba, ga kuma mahaɗar da ke ɗan motsi.

Yanzu haɗa wannan da lissafin iska na ɗazu. Cikin dare hadari ya taso daga baya, kamar yadda ya saba a wannan hanya, iska ta tashi daga 15 zuwa 30. Jirgin ba zai ninka gudunsa ba, da ƙyar ya ƙara mil ɗaya. Iskar da ƙyalle ke ji ta tashi daga 9 zuwa 23, wato turi ya ninka fiye da sau shida cikin minti biyu, a kan sandar da aka zuge har ƙarshe saboda iskar la'asar ta yi sanyi. Ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba.

Ƙa'idar Euler tana da ɗaya fuskar mai daɗi. Taurin bututu yana ƙaruwa da faɗinsa fiye da yadda ido ke zato. Bututu mai faɗin milimita 80 ya fi mai 60 tauri fiye da ninki biyu idan kaurin bangonsu ɗaya ne, alhali nauyinsa da sulusi kawai ya ƙaru. Don haka mai sayen matokari, idan kuɗinsa ba su isa komai ba, gara ya sayi kauri ya haƙura da tsawo. Gajeriyar sanda ba ta hana tafiya, sai dai a naɗe ƙyallen kaɗan ya yi daidai da ita. Masu hannu da shuni suna sayen ta zaren kabon, wadda ta fi alminiyam sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, amma tsadarta ma haka, kuma idan ta sha duka a gefe takan tsage ta ciki ba a gani ba.

Yadda ake kafa ta ma yana raba gwani da ɗan koyo. A tafki ko a bakin gaɓa, cikin iska mai sanyi, ana iya maƙala kan sandar a igiyar ƙyalle kawai, a maƙala gindin a zoben ginshiƙi, shi ke nan. A teku wannan ganganci ne, domin ƙyalle ne ke riƙe da sandar, ranar da aka so sauke ƙyallen kuwa dole mutum ya fita goshin jirgi ya yi kokawa da sanda mai lilo, a lokacin da ya fi kowane lokaci muni. Hanyar da ta fi ita ce a kafe sandar da igiyoyinta uku, ta tsaya da kanta ko da ƙyalle ko babu. Ɗaya ta fito daga saman ginshiƙi ta ɗauke nauyin kan sandar. Ɗaya ta ja kan zuwa gaba da ƙasa, ta hana shi ɗagawa ko komawa baya. Ta uku ta ja shi baya. Igiyoyin nan uku suna ɗaurewa, kan sandar ya tsaya wuri ɗaya a sarari, ba ya motsi ko ina.

Ana yin aikin ne ƙyallen goshi yana naɗe a jikin wayarsa. Mutum ya fita da rigar ceto da ɗamara a maƙale jikin jirgi, ya ɗaura igiyoyin uku, ya saka igiyar ƙyalle ta ɓangaren iska cikin bakin sandar, wato maƙalin da ke kanta mai buɗewa da sakata, ya zuge ta iya tsawon da yake so tun babu nauyi a kanta, ya maƙala gindin, a ɗaga, a ja baya, a ɗaure. Sannan ya dawo mazauni ya zauna, a warware ƙyalle a ja igiyar da winci har kunnen ya iso kan sanda. Igiyar ba ɗaure take da sandar ba, ratsawa take yi ta bakin. Saboda haka idan hadari ya taso, sai a sassauta ta a naɗe ƙyallen, rabi ko duka, babu wanda ya taka doron jirgi. Sandar ta zauna a wurinta tsirara har iska ta lafa.

Ƙananan abubuwa uku ne ke karya sanda ko da iska ba ta yi yawa ba. Idan ba a kwance take daidai ba, kai ya fi gindi tsayi ko ya gaza shi, dannar ba ta bin tsakiyar bututu, kuma tsawon da ake nema ya ragu. Gindi ne ake ɗagawa ko saukewa ya yi daidai da kunnen ƙyalle. Idan aka ja ta baya har ta jingina da wayar gefe da ke riƙe ginshiƙi, an ba ta wurin lanƙwashewa ke nan, kuma ana wasa da wayar da ginshiƙin kansa ya dogara da ita. Na uku shi ne tsoma kai a ruwa sa'ad da jirgi ke tangaɗi. Ruwan da jirgi ke ketawa da mil 7 a awa ba ya tausaya wa bututu. Masu tafiyar nesa shi ya sa suka fi son ƙyallen da aka yanka kunnensa sama-sama. Bakin sandar kuma akasari ƙasa ake juya shi, don in an ja sakata igiyar ta faɗo da kanta, saɓanin sandar sifinika da ake juya bakinta sama.

Juyawa zuwa ɗaya gefen ba ta da wata dabara sai haƙuri. A naɗe ƙyallen goshi, a sauke sanda, a juya babban ƙyalle a hankali, a sake kafa komai a ɗaya ɓangaren. Minti goma sha biyar ko ashirin, wanda ba komai ba ne a tafiyar da ake iya kwana uku ba a juya ba.

Sai batun gyare-gyare, wanda masu jirage ke ƙauna kamar me. Wanda ya fi amfani shi ne maye gurbin zoben ginshiƙi da dogon layin ƙarfe mai ɗan keken da ke hawa da sauka. Zobe guda tsayi ɗaya yake bayarwa, ƙyalle kuwa kunnensa yana ƙara hawa duk lokacin da aka naɗe shi. Idan layin ya kai tsawon sandar a tsuke, sai ya zama ma'ajiya: a ja gindin sama, kan ya sauko ya zauna a gindin ginshiƙi. Mutum bai ƙara ɗaukar dukan nauyin sanda a kan jirgi mai rawa ba, kan kawai yake turawa waje yayin da gindin ke saukowa. Farashinsa ɗan nauyi ne a sama da ɗan ƙarar ƙarfe da dare. Mahaɗar gindi ma a duba ta. Baki mai sakata a cikin zobe marar motsi yakan cije idan sandar ta juya sama da gefe lokaci guda, sai ya fashe. Mahaɗa mai juyawa ta kowace fuska ta fi.

Na biyu shi ne maganin gogayya. Mako uku igiya tana kai da komo na ɗan yatsa ɗaya a bakin ƙarfe, za ta tsinke, kuma da dare za ta tsinke. Wasu suna rataya ƙaramar taya a kan sandar igiyar ta bi ta kanta. Wasu suna sa wa wurin riga ta zaren Dyneema ko ta fata. Mafi arha shi ne a duba kullum da safe, in ta fara gashi a yanke ɗan taƙi a sake ɗauri, wurin gogar ya matsa. Ana kuma ƙara siririyar igiya daga sakatar kai zuwa kusa da gindi, don a buɗe bakin ba tare da miƙa jiki bisa ruwa ba.

Akwai gyaran da ke kama da hikima amma ɓarna ne. Mutum ya ga sandar sifinika ana ɗaga ta ta tsakiya, sai ya ɗauko injin huda ya kafa wa matokarinsa zobe a tsakiya. Ya yi laifi biyu: ya huda bututu a inda lanƙwasa ta fi taruwa, ya kuma bar siririn bututun ciki yana ɗaukar jan ƙasa shi kaɗai. A sanda mai zugewa, igiyoyin uku duk a can kai ake ɗaura su. Haka nan sandar alminiyam da ta lanƙwashe, ko an miƙar da ita ba ta dawowa da ƙarfinta. In lahanin kusa da ƙarshe yake, a yanke a mayar da bakin, a samu gajeriyar sanda mai lafiya. In a tsakiya ne, za a iya zura wani bututu ciki a ɗaure don a ƙarasa tafiya, amma ba don a sake fita da ita ba.

Duk wanda zai sake baki ko ya kafa wani abu, ya san cewa ruwan gishiri yana mayar da ƙarfe biyu mabambanta batir. Ƙarfen da ba ya tsatsa idan ya haɗu da alminiyam, alminiyam ne ke cinyewa, ya zama farin gari, ƙusa ta yi sako-sako ko ta cije har abada. Shi ya sa ake shafa man raba tsakani irin Duralac ko Tef-Gel, ana kuma amfani da ƙusar ribit ta Monel. Kabon ma haka yake cin alminiyam, har ya fi. Bututu mai zugewa kuwa babban maƙiyinsa gishirin da ya bushe a ciki. Wanka da ruwan daɗi bayan kowace tafiya ya fi giris, domin giris tara yashi yake yi.

Masu ƙananan jirage, na mita 5 ko 6, sukan haɗa nasu da hannu: sandar masu fenti mai zugewa, ko gora, ko tsohon ginshiƙin allon sululu na kan ruwa. A tafki da iskar yamma babu laifi. Sai dai ginshiƙin allon nan an ƙera shi ne musamman don ya riƙa lanƙwasa, abin da matokari ba ya so ke nan, sandar fenti kuma makullinta na roba ne, zamewa yake yi da zarar an danna. In za a yi amfani da ita, a huda a sa fil ya ratsa bututun biyu kusa da mahaɗa, a kuma san cewa ranar iska ba ranarta ba ce.

Wasu sukan wuce nan su kafa sanda biyu, dama da hagu, da ƙyallen goshi biyu, su sauke babban ƙyalle gaba ɗaya. Dabarar ta tsufa. Marin-Marie, mai zanen nan Bafaranshe, ya tsallake Atlantika shi kaɗai a 1933 cikin jirginsa Winibelle II da tagwayen ƙyalle, igiyoyinsu a haɗe da sandar tuƙi. Jirgin na karkata, ƙyalle ɗaya ya fi samun iska, ya ja sandar tuƙi ya dawo da shi hanya, mai jirgi yana barci. A gasar tsere dokokin hukumar World Sailing ba su yarda da sanda fiye da ɗaya a lokaci guda ba, sai a daidai lokacin juyawa, kuma dole ta kasance a maƙale da ginshiƙin gaba. Matafiyi kuwa babu ruwansa da wannan doka. Abin da ke damunsa tangaɗi ne: babu babban ƙyalle da zai tare jirgin ta gefe, sai ya yi ta kwanciya dama da hagu har tukunya ta ƙi zama a murhu. Maganin da ake yi shi ne a ɗaga ɗan ƙaramin ƙyalle a bayan ginshiƙi, a ja shi tamau a tsakiya, a kuma sassauta sandunan biyu su ɗan karkata gaba.